Neman Aiki a Manyan Kamfanonin Lauyoyi na Amurka a Shekarar Ƙarshe ta Karatu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan amsoshi na ɗalibin da ke karatun lauya a Amurka ne, wanda ya shiga shekara ta uku ba tare da takardar tayin aiki daga wani babban kamfani a hannunsa ba. A taƙaice, ƙofa ba ta rufu ba, amma ta tsuke ƙwarai, kuma dabarar da ta yi wa abokanka aiki bara ba ita za ta yi maka aiki bana ba.

Wane ne "babban kamfani", kuma me ya sa ake rububinsa haka?

Kamfanoni ne masu ɗaruruwan lauyoyi, wasu ma dubbai, da ofisoshi a birane da yawa. Mujallar The American Lawyer kan fitar da jerin ɗari da suka fi samun kuɗi duk shekara, kuma galibi idan ɗalibi ya ce babban kamfani, waɗanda ke cikin jerin nan yake nufi: su Kirkland & Ellis, Latham & Watkins, Skadden, Davis Polk, Cravath da takwarorinsu.

Dalilin rububi kuwa albashi ne. A farkon 2024 albashin sabon lauya a irin waɗannan wurare ya kai dala 225,000 a shekara, ban da alawus na ƙarshen shekara. A 2007 dala 160,000 ne, ya tsaya cak kusan shekara tara kafin Cravath ta ɗaga shi zuwa 180,000 a 2016, sannan ya riƙa hawa: 190,000 a 2018, 205,000 a 2021, 215,000 a 2022. Da zarar kamfani ɗaya ya ƙara, sauran sai su bi sahu cikin 'yan kwanaki don kada a kwashe musu mutane. Ga wanda ya ciwo bashin karatu mai nauyi, ba abin mamaki ba ne idonsa ya tsaya a nan. Abin da ake biya da shi lokaci ne: yawancinsu suna sa ran awa 2,000 ko kusa da haka a shekara, kuma awannin da za a iya cajin wanda ake yi wa aikin kawai ake ƙirgawa, ba duk zaman da ka yi a ofis ba.

Me ya sa ake cewa wanda ya kai shekara ta uku ya makara?

Saboda kamfanonin sun gama cike gurabensu tun kana shekarar farko ko farkon ta biyu. Digirin lauya na Amurka, wato JD, shekara uku ne, kuma tsarin ɗaukar aiki ya ginu ne kan hutun bazara da ke tsakanin shekara ta biyu da ta uku. Kamfani zai ɗauki ɗalibai su yi masa aiki kamar mako goma a wannan hutu, ya biya su daidai da albashin sabon lauya na waɗannan makonni, a ƙarshe ya ba su tayin dawowa bayan sun kammala. Alkaluman ƙungiyar NALP, wadda ke bibiyar harkar ɗaukar lauyoyi aiki, sun nuna cewa a 'yan shekarun nan sama da kashi 95 cikin ɗari na masu aikin bazara suna samun wannan tayi. Ka ga ashe aikin bazara shi ne ainihin ɗaukar aikin.

Shi kuma zaɓen masu aikin bazara, a da ana yinsa ne a ƙarshen Yuli ko Agusta kafin a shiga shekara ta biyu, lokacin da kamfanoni ke zuwa makarantu su yi intabiyu a jere, abin da ake kira OCI. A Disambar 2018 NALP ta janye ƙa'idojinta na lokacin ba da tayi da wa'adin amsa shi, daga nan kowa ya shiga rigegeniya. Yanzu mafi yawan tayin ba ta OCI yake fitowa ba, ɗalibai ne ke aika takardunsu kai tsaye, wasu tun ba su gama shekarar farko ba. Sakamakon haka, makin zango ɗaya ko biyu na farko shi ke yanke wa mutum hukunci kan aikin da ba zai fara ba sai bayan fiye da shekara biyu. A ganina tsarin bai yi wa wanda ya yi jinkirin gane kan karatu adalci ba, amma shi ne a ƙasa.

To in haka ne, daga ina gurbin ɗan shekara ta uku yake fitowa?

Daga kuskuren lissafi. Kamfani yana hasashen yawan ƙananan lauyoyin da zai buƙata shekara biyu masu zuwa, hasashe kuwa ba ya cika daidai. Wani cikin masu aikin bazara zai ƙi tayin ya tafi wani kamfani. Wata za ta samu aikin mataimakiyar alƙali ta ɗage zuwanta da shekara ɗaya ko biyu. Wani sashe zai samu aiki ya yi masa yawa fiye da yadda aka zata. Ko kuma kamfani ya janyo wani babban lauya daga wani wuri da duk masu ba shi aiki, ya zamana yana buƙatar hannu nan take.

Wannan ne abin da ya kamata ya sauya maka tunani. A shekara ta biyu ana ɗaukar ɗalibai ne a dunƙule, daga baya a rarraba su sassa. A shekara ta uku ba aji ake cikewa ba, rami ake toshewa: mutum ɗaya a sashen haraji na ofishin Chicago, mutum biyu a sashen hada-hadar bashi na New York. Wanda ya rubuto yana cewa yana son kowane irin aiki a kowane ofis bai taimaki mai karanta takardarsa da komai ba.

Yawan ramukan kuma ya danganta da kasuwa. A 2021, da cinikin saye da haɗewar kamfanoni ya yi tashin da ba a saba gani ba, an yi ta neman hannu ko ta ina, 'yan shekara ta uku ma suka amfana. A 2009 kuwa, bayan rushewar kasuwar kuɗi, hatta masu aikin bazara kusan kashi 69 ne kawai suka samu tayi, waɗanda aka ɗauka ma aka riƙa ɗage musu ranar fara aiki. A ƙarshen 2022 da cikin 2023 an sake ganin sallama da ɗage-ɗage, musamman a kamfanonin da suka dogara da harkar fasaha. Wannan ɓangare ba ya hannunka.

Yaushe ya kamata in fara aika takardu?

Da sanyin safiya ake kama fara. Ka shirya komai a Yuli, ka fara aikawa daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, domin a lokacin ne shirin bazara ke ƙarewa, kamfani ya fara sanin wa zai dawo wa ba zai dawo ba. Satumba da Oktoba ma ana samun motsi, yayin da masu tayi ke ba da amsarsu. Bayan nan abin yakan lafa, sai ɗaiɗaikun gurabe da ke ɓullowa daga Janairu zuwa Afrilu idan aiki ya rincaɓe wa wani sashe. Kamfanin da ya ce maka babu gurbi a Agusta, ba laifi ba ne ka sake tuntuɓarsa a Janairu da sabon sakamakonka.

Ta wace hanya ake nema, tunda ba su cika zuwa makaranta don 'yan ajinmu ba?

Wasu kamfanoni kan saka 'yan shekara ta uku a jadawalin OCI, ka duba, amma kada ka jingina da shi. Akwai kundin NALP na masu ɗaukar lauyoyi aiki, a buɗe yake a intanet, yana nuna ofis-ofis, sassan aikinsu da jami'in da ke kula da ɗaukar ma'aikata. Akwai kuma allon tallan aiki na makarantarku, wanda a wurare da yawa yake kan manhajar Symplicity. Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: takardar tarihin karatu da aiki, shafi ɗaya, takardar sakamako, wasiƙar neman aiki, da samfurin rubutunka na shari'a.

Sai dai gaskiyar magana, yawancin waɗannan gurabe ba a tallata su. Wani lauya mai kaso a kamfani ne zai ce wa sashen ɗaukar ma'aikata yana buƙatar mutum, su kuma su duba takardun da ke gabansu, su fara da wadda wani na ciki ya turo. Don haka ka nemi tsofaffin ɗaliban makarantarku da ke aiki a sashen da kake so. Ka rubuta musu imel gajere: wane ne kai, me ya ja hankalinka ga fanninsu, ko za su ba ka minti goma sha biyar a waya. Kada ka roƙi aiki a saƙon farko. Idan hira ta yi daɗi, sau da yawa shi da kansa zai ce ka turo takardunka ya miƙa. Ƙananan lauyoyi 'yan shekara uku zuwa biyar a aiki sun fi saurin amsawa, kuma su suka fi sanin ko sashensu yana nishi da aiki. Malamanku na wucin gadi, waɗanda ke koyarwa da yamma suna aikin lauya da rana, su ma hanya ce da ɗalibai ke mantawa da ita.

Dillalan aiki kuwa kada ka ɓata lokacinka da su yanzu. Kamfani ke biyansu la'ada, kuma ba ya biyan la'ada a kan ɗalibin da zai iya samu kyauta.

Makina na shekarar farko ba su yi kyau ba, amma na biyu sun gyaru sosai. Zai yi amfani?

Zai yi, kuma wannan ce fa'ida guda da kake da ita wadda ba ka da ita bara. Yanzu zango huɗu za a gani, ba biyu ba. Ka ambaci hauhawar a wasiƙarka da jimla ɗaya, ba tare da dogon uzuri ba. Abin da ya fi nauyi shi ne darussan da makin ya fito daga cikinsu: maki mai kyau a dokar kamfanoni, dokar hannayen jari, haraji ko kotunan tarayya ya fi tarin maki daga darussan da kowa ya san ana rabon maki a cikinsu.

Sunan makaranta har yanzu yana aiki. Ɗalibin da ke tsakiyar aji a ɗaya daga makarantun da aka saba kira goma sha huɗu na sama, irin su Columbia, Chicago, Penn, Virginia ko Michigan, yana da damar da ɗalibin wata makaranta ba zai samu ba sai yana can ƙololuwar ajinsa. Idan makarantarka ta yanki ce, ƙarfinta yana garin da take da jihohin da ke kewaye, inda tsofaffin ɗalibanta suka cika ofisoshi. Can za ka fi mayar da hankali.

Na yi aikin bazara a babban kamfani amma ba su ba ni tayi ba. Me zan ce idan aka tambaye ni?

Za a tambaye ka, babu makawa. Tunda kusan kowa yana samun tayi, rashin samunsa yana sa a ɗaga gira. Kada ka yi ƙarya, domin waya ɗaya ta isa a gano, kuma kafin a ba ka lasisin lauya akwai binciken hali da gaskiya da kowace jiha ke yi. Kada kuma ka zagi tsohon wurin.

Ka shirya amsa mai jimla biyu ko uku. Idan matsalar kuɗi ce ta kamfanin, aka hana mutane da yawa, ka faɗi haka kai tsaye. Idan aikinka ne aka ga gyara a ciki, ka faɗi abin da aka nuna maka da abin da ka yi a kai, ka wuce. Mafi muhimmanci, ka samu lauya ɗaya ko biyu a wurin da suka ji daɗin aikinka, waɗanda suka yarda a kira su. Shaidarsu ta fi duk bayanin da za ka yi. Wasu kamfanoni kan ba da tayi na fatar baki, wato a rubuce an ba ka amma an fahimtar da kai cewa kada ka karɓa, domin dai ka iya cewa ka samu. Idan ka ga alamar ba za a riƙe ka ba, tambayar ko hakan zai yiwu ba abin kunya ba ne.

Ni ina da tayi, amma ina son wani kamfani ko wani gari. Zan iya nema?

Kai ne ma aka fi so a wannan kasuwa, domin wani ya riga ya gwada ka ya yaba. Ka rubuta a takardarka cewa an ba ka tayi. Ka dai lura da wa'adin amsawa, in ya matso ka nemi ƙarin lokaci cikin ladabi. Abin da ba shi da kyau shi ne ka karɓa sannan ka janye don ka samu wanda ya fi. Lauyoyin gari ɗaya sun san juna, kuma ofishin kula da ayyuka na makarantarku ba zai ji daɗi ba. Idan matsalar gari ce kawai, fara tambayar kamfaninka ko zai mayar da kai wani ofishinsa.

Wane fanni ya fi buɗewa?

Fannonin da ba kowa ke iya shiga ba, ko ba kowa ke so ba. Wanda ke da digirin injiniyan lantarki, kimiyyar kwamfuta, ko babban digiri a kimiyyar halittu yana da kasuwarsa daban a fannin haƙƙin ƙirƙira, kuma yana iya zana jarrabawar ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka tun bai gama karatun lauya ba. Haraji, dokokin fansho da albashin manyan ma'aikata, asusun zuba jari, hada-hadar bashi, duk suna yawan neman hannu. Sashen kamfanonin da suka durƙushe yana da wata siffa: lokacin da sauran sassa ke kuka, shi lokacin yake cika da aiki.

Shari'ar kotu ita ta fi wahalar shiga a shekara ta uku. Masu sonta sun yi yawa, ga kuma masu fitowa daga aikin mataimakin alƙali suna jiran gurbi duk shekara.

Shin gari yana da tasiri?

Sosai. New York ce ta fi kowane gari yawan gurabe, kuma ba ta cika tambayar me ya haɗa ka da ita ba. Washington ƙanana ne ajujuwanta, makin da take nema kuma ya fi tsauri. Houston da Dallas sun bunƙasa a shekarun baya-bayan nan, manyan kamfanoni da dama daga wasu jihohi sun buɗe ofisoshi a can. A birane matsakaita kuwa za a so a ji dalilin da zai zaunar da kai: a nan ka tashi, ko iyalinka suna nan, ko a nan ka yi digirin farko. Suna tsoron su horar da mutum shekara biyu ya tattara ya tafi.

Intabiyun ya bambanta da na bara?

Tsarin ɗaya ne: gajeriyar ganawar tantancewa ta kamar minti ashirin, sannan a kira ka zagaye na biyu ka gana da lauyoyi huɗu ko biyar ɗaya bayan ɗaya. Bambancin yana cikin tambayoyin. Bara ana yafe wa ɗalibi idan ya ce bai tsayar da fanni ba tukuna. Bana mutanen da za ka zauna da su su ne waɗanda za ka yi wa aiki, kuma suna son su ji ka san abin da sashensu ke yi daga safe zuwa dare. Ka karanta manyan cinikayya ko shari'o'in da suka yi kwanan nan. Ka iya bayanin aikin da ka yi a bazarar da ta wuce dalla-dalla, ba tare da tona sirrin wanda aka yi wa aikin ba.

Ana ta ce mini in nemi aikin mataimakin alƙali. Ba kauce hanya ba ne?

A'a, ga mai son shari'ar kotu ita ce ma hanya mafi kyau ta sake shiga layi. Shekara ɗaya ko biyu a ofishin alƙalin tarayya tana goge tambayar "ina ka yi bazara", kuma manyan kamfanoni suna ba masu fitowa daga can kuɗin maraba na dubban daloli, galibi kuma su lissafa musu shekarun a matsayin shekarun aiki. Ana nema ta OSCAR, shafin intanet na neman aiki a wurin alƙalan tarayya. Alƙalan da ke bin jadawalin bai-ɗaya suna fara karɓar takardu a watan Yuni bayan shekara ta biyu, amma gurabe suna ci gaba da fitowa duk shekara, wasu alƙalan ma na shekaru biyu masu zuwa suke ɗauka. Kada ka raina kotun ƙoli ta jiha, ko kotunan fatarar kamfanoni na Delaware, New York da Houston, ko kotun Chancery ta Delaware, inda ake yanke manyan rigingimun kamfanonin Amurka. Wanda ya fito daga waɗannan, sassan da suka dace suna nemansa.

In ƙara shekara ɗaya in yi LLM, wato babban digirin lauya, don in sake gwadawa?

In ba a haraji ba, a'a. LLM na haraji a NYU, Georgetown ko Jami'ar Florida yana da kasuwa ta gaske. Sauran, ga mai JD, yawanci ƙarin bashi ne kawai.

Ni baƙon ɗalibi ne da bizar karatu. Ya lamarina yake?

Bayan kammalawa kana da izinin aiki na wata 12 da ake kira OPT. Daga nan sai kamfani ya nema maka bizar aiki ta H-1B, wadda ake rabawa 85,000 a shekara, 20,000 daga ciki na masu babban digiri daga jami'o'in Amurka, JD kuma yana cikinsu. Ana rajista a watan Maris, kuma masu nema sun ninka guraben, don haka ba kowa ke samu ba. Shi ya sa kamfani mai ofis a Landan ko wani babban birni a waje ya fi dacewa da kai, domin idan ba a dace ba yana iya tura ka can. Ka tambayi manufarsu kan biza kafin ka karɓi tayi, ka kuma riƙa bibiyar ofishin baƙin ɗalibai na jami'arku, saboda ƙa'idojin suna yawan sauyawa.

Idan na kammala babu aiki, jarrabawar lasisi ta wace jiha zan zana?

Ana yin ta sau biyu a shekara, ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Yuli. Ka zana ta Yuli, kada ka ɗaga. Idan ba ka san inda za ka zauna ba, jihar da ke amfani da jarrabawar bai-ɗaya ta UBE ta fi, domin ana iya kai makinta wata jihar. New York ta fara amfani da ita a 2016, tana neman maki 266 cikin 400, Texas kuma 270. California tata daban ce. An tsara sabuwar jarrabawa mai suna NextGen ta fara maye gurbin tsohuwar a wasu jihohi daga Yulin 2026, don haka ka duba wadda jiharka ke kai a shekararka.

In ban samu ba sam, shi ke nan?

Manyan kamfanoni suna zubar da ƙananan lauyoyi da yawa duk shekara, wasu su gaji, wasu su koma aiki a cikin kamfanonin kasuwanci ko gwamnati. Daga shekara ta biyu zuwa ta biyar ta aiki ake samun giɓi mafi girma, kuma a lokacin ana cike shi ne da lauyoyi daga waje. A nan dillalan da ba su kula ka ba kana ɗalibi za su fara kiranka.

Abin da za a duba a lokacin shi ne irin aikin da hannunka ya saba da shi. Don haka idan zaɓi ya zo, ka fifita matsakaicin kamfani da ke yin cinikayyar kamfanoni ko shari'ar kasuwanci, ko ƙaramin ofis da ya ƙware a fanni ɗaya, ko hukumar gwamnati da ke sa ido kan hannayen jari, haraji ko gasar kasuwa. Akwai muƙaman da za ka yi hattara da su: aikin tantance takardu na kwantiragi, da muƙamin lauyan ma'aikaci a cikin babban kamfani wanda ba ya kan layin ƙarin girma. Suna biyan kuɗin haya, sunan kamfanin ma yana da kyau a takarda, amma tsallakawa daga can zuwa layin ƙananan lauyoyi na dindindin yana da wuya. Idan za ka karɓi irinsa, ka tambaya tun a intabiyu ko akwai wanda ya taɓa tsallakawa, da kuma shekara nawa ya ɗauka.